Motar Gwangwani

Ni ne Tanimu na bencin baya,
aji huɗu, firamaren Tudun Wada,
wanda sunansa ke kwance ƙasan takardar sakamako
kamar guga da ya tsinke a rijiya.
Shekara uku ana ɗura mini karatu ta kunne,
yana ficewa ta ɗayan, ko sallama bai yi mini ba.

Abin da na iya yana ƙarƙashin benci:
gwangwanin madara, waya, marfin kwalba,
tsohon silifa da nake yankawa in fid da taya.
Malamin aji uku ya take mini motoci biyar.
Ban riƙe shi a zuci ba. Mu saba'in da takwas ne a kansa,
ga alli ya ƙare, ga albashi bai shigo ba.

Ran da Malama Kande ta kama ni
na miƙa tafin hannu tun ba ta ce ba.
Ta wuce hannun, ta ɗauki motar,
ta gara ta bisa tebur,
ta murɗa sitiyari, tayoyin gaba suka juya.
Ta daɗe tana kallo.
"Wa ya nuna maka?"
"Babu kowa."
"In na ce ka yi mini bakwai, taya nawa za ka yanka?"
"Ashirin da takwas. Talatin da biyar in da safaya."
Aji ya yi tsit.
Ashe bakwai sau huɗun nan tun safe yake kan allo,
ni da shi muna kallon-kallo, ba mu shaida juna ba.

Washegari ta ba ni rula,
na auna ƙofa, taga, faɗin kujerar hedimasta.
Rabi da kwata a jikin waya na san su,
ina lanƙwasawa, ina karyawa.
Karatun baki kuwa ya ci gaba da ba ni wuya,
ba ta taɓa ce mini ya daina ba.

Ba ni kaɗai ba ne.
Lantana da muke wa laƙabi da Kwakwa,
Malama ce ta lura tana ƙanƙance ido.
Ta dawo da ita gaba, ta rubuta wa babanta wasiƙa.
Da tabarau ya hau hancinta sai ta bar mu a baya.
Bitrus mai in'ina kuwa, in ya maƙale a kalma
muka yi caa za mu ƙarasa masa,
sai ta ɗaga alli: "Ku bar shi.
Ya san hanya, tafiya ce bai gama ba."

Bara na je gaishe ta a Rigasa.
Ta yi ritaya, ƙafa na damunta.
Na kai mata murhun gawayi da na ƙera da hannuna,
ta shafa bakin waldar, ta yi murmushi,
sai ta ce, "Ina labarin Barau?"
Barau da ya bar mu a zango na biyu ya bi motar haya.
Shekara ashirin da shida ke nan.
Ta ce, "Na gwada waƙa, na gwada zane, na je har gidansu.
Shi ne ban samo ƙofarsa ba."

Yau ina da rumfa a Panteka, da yara huɗu.
Akwai wani Gambo.
Sau uku na faɗa masa yadda ake fid da kusurwa,
sau uku ya ɓata mini ƙarfe, ga ƙarfe da tsada.
Ɗazu hannuna ya tashi sama.
Ya miƙo nasa tun ban ce ba.

Na tsaya.
Injin maƙwabci na ta kuka, tartsatsi na zuba.
Na ga aljihunsa ya yi tudu, kan wata takarda ya leƙo.
Na sauke hannu, na jawo benci.
Na ce, "Zauna, Gambo.
Mene ne wannan da ba ka so in gani ba?"